Yadda ake busar da duma a lokacin sanyi a mayar da shi gidan tsuntsu

Wanda ya ratsa ƙauyukan kudancin Amurka, a jihohi irin su Alabama da Misisifi da Jojiya, zai riƙa ganin dogayen sanduna kafe a tsakiyar fili, an rataya musu fararen goruna reras, wani wuri shida, wani wuri ashirin ko fiye. Goruna ne na duma, shi dai wannan duman namu da ake fafe ƙwarya da ludayi da shi, sai dai su ba su fafe shi. Sukan bar shi ya bushe ɗungurungum a watannin sanyi, su huda masa ƙofa, su rataye shi don wata irin babbar tsattsewa mai baƙin shuɗi da suke kira matin. Ƙabilun Cokto da Cikaso, 'yan asalin wannan yanki, sun daɗe suna rataya wa tsuntsun goruna tun kafin al'adar ta bazu cikin sauran jama'a. Abin ya kai ga a yau, a gabashin duwatsun Roki, kusan duk wata matin da ke ƙyanƙyasa a gidan da ɗan Adam ya tanadar mata take yi. In babu gora ko akwati, babu sheƙa.

Shi kansa duman ɗan Afirka ne. An tono ɓawonsa da ya kai shekara 10,000 a wani kogo a ƙasar Meziko, kuma binciken ƙwayoyin halitta da aka fitar a 2014 ya nuna cewa tsohon duman Amurka daga na Afirka ya fito, mafi rinjayen zato kuwa ruwan tekun Atilantika ne ya ɗauke shi ya tsallakar. Don haka Bahaushen da ke zaune a ƙasar sanyi yana da ɗan lambu a bayan gida, da wanda ke gida yana da duma yana yaɗo a kan danga, duka suna iya wannan aiki. Bambancin yana wajen shanya, kuma zan faɗi na kowa in an zo wurin.

Aikin huda da fenti na yini biyu ne ko uku. Busarwa ita ce mai cin watanni, kuma a nan ne yawancin goruna ke lalacewa, ko dai an tsinke su ba su ƙosa ba, ko an zubar da lafiyayyu saboda an ga funfuna an tsorata.

Tun daga gona

Ba kowane duma ke zama gidan tsuntsu ba. Ka nemi iri mai faɗin ciki da ɗan wuya, mai kaurin ɓawo. Dogo siriri irin na shantu ko zunguru ba shi da ɗakin da tsuntsu zai juya, na ludayi kuma ya yi ƙanƙanta. Idan matin kake wa tanadi, faɗin cikin goran kada ya gaza santimita 20, in ya kai 25 zuwa 30 ya fi, domin takan yi ƙwai 4 zuwa 6 kuma 'ya'yan suna buƙatar wurin ja da baya daga bakin ƙofa idan mujiya ta miƙo ƙafa. Ƙananan tsuntsaye kuwa gora mai faɗin santimita 13 zuwa 15 ya ishe su. Kaurin ɓawo bayan ya bushe ya kai kamar milimita 6. Wanda bai kai haka ba damina ɗaya zai yi ya tsage.

Duma yana son dogon lokacin zafi, kwana 120 zuwa 180 daga shuka zuwa ƙosawa. A jihohin arewacin Amurka da Kanada, inda zafin bai da tsawo, sai an fara tsirar da shi a cikin ɗaki makonni kafin sanyi ya janye. Furensa fari ne, da yamma yake buɗewa, kuma malam-buɗe-littafin dare ne ke kai masa barbara. Namijin fure da macen fure a jikin uwa ɗaya suke. Macen ita ce mai ɗan ƙulli a gindinta. Idan uwar yaɗon ta kai tsawon mita 3, ka tsinke kanta, sai ta fitar da rassa, a jikin rassan ne matan fure suka fi yawa. Kada ka yi kwaɗayin yawa. Uwa ɗaya ta riƙe 'ya'ya uku ko huɗu su yi ƙwari ya fi ta riƙe goma masu ɓawo kamar takarda. Duk ɗan da ya ƙullu a ƙarshen lokaci ka cire shi, ba zai ƙosa ba, ƙarfin uwar kawai zai sha. Wanda ke kwance a ƙasa ka sa masa katako ko busasshiyar ciyawa a ƙarƙashi, ka zaunar da shi a kan gindinsa don ya fito daidai.

Yaushe ake tsinkewa

Ka duba mariƙin, wato ɗan karan da ya haɗa goran da uwarsa. Muddin kore ne, ruwa da abinci na shiga, ɓawo na ƙara kauri, ka bar shi. Sai mariƙin ya koma ruwan ƙasa ya bushe, siririn zaren nan mai nannaɗewa da ke kusa da shi ma ya bushe, sannan lokaci ya yi. A ƙasar sanyi mutane da yawa sukan jira har sanyin farko mai daskarar da raɓa ya kashe ganyen gaba ɗaya, a watan Oktoba ko Nuwamba gwargwadon jiha. Wannan sanyin ba ya yi wa ƙosasshen gora komai. Ɗanye ne yake kashewa, kuma shi da ma ba zai bushe da kyau ba ko an shigar da shi ɗaki.

Ka yanke da wuƙa mai kaifi ko almakashin lambu, ka bar mariƙi mai tsawon santimita 5 ko fiye a jikin goran. Kada ka murɗe, kada ka fizge. Idan mariƙin ya cire daga tushe, ya bar rauni a kan goran, ta nan ruɓa ke shiga. Haka nan kada ka ɗauke shi ta mariƙi, domin ɗanyen gora kusan kashi 90 cikin 100 na nauyinsa ruwa ne, babba yana da nauyi sosai. Ka tallabo shi ta gindi da hannu biyu, kada a jefa shi cikin baro. Bugun da ba a gani yau shi ne tabon da zai yi laushi bayan wata guda.

Da ka kawo su, ka wanke ƙasar jikinsu da ruwan sabulu, ka goge su da tsumman da aka tsoma a ruwan bilic, wato sinadarin faranta kaya mai kashe ƙwayoyin cuta, awo ɗaya na bilic cikin awo tara na ruwa, ka bar su su sha iska. Wannan ba zai hana funfuna fitowa ba, yana dai rage ƙwayoyin ruɓa da suka biyo su daga gona.

Shanya

Abu uku gora ke so a wannan lokaci: iska mai wucewa, rashin taɓa ƙasa, da rashin taɓa ɗan'uwansa. Ruwan da ke cikinsa ta cikin ɓawo yake fita a hankali, don haka duk gefen da ya manne da siminti ko da wani goran, nan danshi zai taru. Ka jera su a kan katakai masu tazara a tsakani, ko a kan ragar waya da aka ɗaga daga ƙasa, ka bar faɗin hannu tsakanin kowane biyu. Masu ɗan dama-dama ana iya zura kowanne cikin buhun raga irin na albasa a rataye a jikin azara, ta haka iska na zagaye shi ko'ina, ba sai an juya ba.

Wurin da ya dace a ƙasar sanyi shi ne rumfar ajiya, ko garejin da ba a ɗumama shi, ko baranda mai rufi. Wasu manoman duma a waje suke barinsu, a kan katako, ruwa da dusar ƙanƙara na sauka a kansu har sanyi ya wuce, kuma suna bushewa lafiya. Daskarewa da narkewa ma suna taimakawa wajen sakin fatar waje. Inda bai kamata ka ajiye su ba shi ne cikin gidan da mutane ke kwana. Gora mai bushewa yana wari, kuma ƙurar funfuna ba ta da kyau ga ƙirji, musamman ga mai asma da ƙananan yara. Ɗakin ƙarƙashin ƙasa mai danshi shi ma bai yi ba. Kusa da na'urar ɗumama ɗaki kuwa, waje zai riga ciki bushewa, goran ya tsage ko ya motse.

A mako na farko zuwa na biyu fatar waje ce ke bushewa, launi ya fara juyawa daga kore zuwa fatsi-fatsi. Bayan nan sai doguwar jira. Ƙaramin gora na iya gamawa cikin wata ɗaya ko biyu, babba irin na matin yakan ci wata uku zuwa shida. Wanda aka tsinke a Nuwamba sau da yawa sai Maris ko Afrilu. Kowane mako ko mako biyu ka leƙa, ka juya kowanne, ka canja gefen da yake kwance a kai.

Yanzu ga maganar funfuna, wadda nake so a fahimce ta da kyau, domin ita ce ke sa sabon shiga ya kwashi goruna masu kyau ya kai juji. Ruwan da ke tsatsowa ta cikin ɓawo yana jiƙa fatar waje, funfuna kuma ta hau kai: fara, toka-toka, baƙa, wani lokaci har da gashi-gashi. Goran zai yi muni ƙwarai, ka rantse ya ruɓe. Bai ruɓe ba. Funfunar a kan siririyar fatar waje take, ɓawon da ke ƙarƙashi yana nan da ƙarfinsa. Ido ba ya raba wannan gardama, babban yatsa ne ke rabawa. Ka danna wurin da ya fi baƙi. Idan ka ji tauri kamar itace, mayar da shi wurinsa. Idan yatsa ya nutse, ko ka ga gefe ya loɓa ciki, ko fatar ta yamutse, ko ruwa mai ɗoyi na fita, wannan ya tafi, fitar da shi nan take kada ya shafi na kusa da shi. Ko da ka yi komai daidai, wasu za su lalace, yawanci waɗanda ba su gama ƙosawa ba. Shi ya sa ake shanya fiye da adadin da ake buƙata.

In ka ga dama kana iya goge funfunar da ruwan bilic ɗin nan lokaci-lokaci, goran zai fito da launi bai ɗaya. In ka bar ta, za ta bar zane-zane a jikin ɓawo, wanda masu ƙawata gora ke so. Ga wanda za a shafa wa farin fenti duk ɗaya ne, ni ba na ganin amfanin wahalar.

Akwai masu huda ƙananan ramuka a gindin ɗanyen gora wai don ruwa ya tsiyaye da wuri. Ban ba da wannan shawara ba. Ramin ƙofa ce ga ƙuda da ƙwayoyin ruɓa, kuma ruwan da ke ciki a jikin totuwa yake, ba ya kwarara. Akwai kuma masu kankare koren fatar da bayan wuƙa tun goran yana ɗanye. Wannan yana sa saurin bushewa kuma goran yakan fito fes, amma sai ga wanda ya ƙosa sarai. Wanda ya rage kaɗan motsewa zai yi. Sa shi a tanda ko kusa da wuta kuwa ɓarna ce kawai.

Ɓera da kurege suna son 'ya'yan duma, sukan huda ɓawo su shiga, don haka ratayewa ko ɗagawa sama ya fi. Sannan idan kana son iri na baɗi, ka ware gora ɗaya mafi kyau ka ajiye shi inda yake da sanyi amma ba ya daskarewa, domin 'ya'yan da suka daskare suna jiƙe ba su cika tsira ba.

Ga wanda ke ƙasar Hausa, lissafin ya sauya. Duman damina yana ƙosawa da kaka, shanyarsa ta faɗo daidai cikin hunturu, kuma busasshiyar iskar hunturu tana yin aikin da sauri fiye da sanyin Amurka nesa ba kusa ba. Funfuna ba ta yi yawa. Abin tsoro a nan shi ne tsagewa: rana mai zafi da rana, sanyi da dare, ga iska tana zuƙe ruwa. Don haka a inuwa za ka shanya, ƙarƙashin rumfa ko a rataye a zaure mai iska, kada a ɗora kan kwano rana na duka. Ka nisanta su daga ƙasa saboda gara, ka nisanta su daga awaki. Kuma ka tuna cewa hanyar masu ƙwarya, ta fafewa a bar totuwa ta ruɓe a kankare, ba ita ake bi a nan ba. Goran tsuntsu a rufe yake bushewa.

Yadda za ka san ya bushe

Ka ɗaga shi. Goran da dā sai da hannu biyu, yanzu yatsa biyu sun ɗauke shi. Ka ƙwanƙwasa, ya ba da amo irin na abin da babu komai ciki. Ka girgiza, 'ya'yan su yi kacau-kacau. Wani lokaci goran ya bushe amma 'ya'yan sun dunƙule da totuwa sun manne a gefe. Ka buga shi a tafin hannunka da ɗan ƙarfi, za ka ji dunƙulen ya saki. Idan har yanzu yana da nauyi, ko ka taɓa ka ji sanyi-sanyin danshi a gindinsa, ƙara masa makonni. Wanda aka huda da sauran ruwa a ciki yakan motse a bakin ƙofar, da'irar ta karkace.

Wanki

A waje ake wannan aiki, da takunkumi a hanci da safar roba a hannu. Ka jiƙa goran cikin ruwa mai ɗumi da ɗan sabulu na minti 20 zuwa 30. Zai taso sama, ba ya nutsewa, sai ka lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tawul kana juyawa. Idan fatar ta yi laushi, ka dirje da soson ƙarfe na wanke tukunya, wurin da ya ƙi fita ka kankare da bayan wuƙa. Baƙar dattin za ta tafi, ɓawo mai santsi ruwan zuma ya bayyana. Ka kula da lungun wuya da kewayen mariƙi, domin fenti ba ya kama wurin da fata ta rage. Ɗauraye, goge da ruwan bilic, ka shanya a inuwa kwana ɗaya ko biyu.

Ƙofa

Girman ƙofa shi ke zaɓen wanda zai zauna a gidan, don haka da ma'auni ake yinta. Ga matin, zagayayyar ƙofa mai faɗin santimita 5.4. Ga wani shuɗin tsuntsu da suke kira bulubad, santimita 3.8. Ga 'yan ƙananan tsuntsayen da suke kira ren da cikadi, santimita 2.9, wadda ta yi wa gwarar Turai ƙanƙanta, kuma da gangan ake yin haka.

Dalilin kuwa tsuntsaye biyu ne baƙi. An kawo gwarar Turai birnin Niyok a farkon shekarun 1850, aka saki sitalin, wani tsuntsun Turai mai duhun gashi, a babban lambun birnin a 1890, yanzu sun cika nahiyar. Dukansu a rami suke sheƙa, kuma suna ƙwace gidajen matin, su fasa ƙwai, su kashe 'ya'ya, sitalin har uwar yakan kashe. Zagayayyar ƙofar matin tana shigar da sitalin. Saboda haka masu kiwon matin suka koma ƙofa mai siffar jinjirin wata, lanƙwasar a sama, miƙaƙƙen gefen a ƙasa, tsayinta santimita 3, faɗinta 7.6. Matin tana kwantar da ƙirji ta shige, sitalin mai tudun ƙirji ya kasa. A wannan ƙofar milimita ɗaya ma magana ce: in ta ƙaru sitalin ya shiga, in ta ragu matin ta maƙale. Wanda hannunsa bai saba ba gara ya sayi farantin ƙofar da aka riga aka yanka ya liƙa a kan ramin. Ƙungiyar kare matin da aka kafa a jihar Fensilbaniya a 1987 ta daɗe tana yaɗa irin waɗannan ƙofofi.

Kafin ka zana ƙofar, ka rataye goran ta wuya ka ga yadda yake tsayuwa, domin kusan kowane gora yana da ɗan karkata. Ka sa alama a wurin da cikinsa ya fi faɗi, yadda ƙofar za ta dubi gaba sak. In ta kalli sama ruwa zai shiga, in ta kalli ƙasa 'ya'ya za su faɗo. Ka riƙe goran tsakanin gwiwoyinka a kan tsumma, ka yanka da zarton da'ira da ake ɗaura wa na'urar huda, a hankali, ba tare da dannawa ba. In babu na'ura, ka jera ƙananan huji a kan layin da kibiya ko ƙusa, ka haɗe su da wuƙa mai tsini, sannan ka daidaita da sanfefa. Bakin ƙofar ya yi santsi don kada ya tsinke gashin tsuntsu.

Kada ka sa ɗan itacen sauka a ƙarƙashin ƙofa. A zanen yara yana da kyau, amma tsuntsun rami ba ya buƙatarsa, gwara da masu farauta ne ke samun wurin tsayawa.

Ta wannan ƙofar za ka fitar da kayan ciki. Takunkuminka na nan a hanci, domin ƙurar totuwa tana da ɗaci kuma tana shaƙe maƙogwaro. Ka zazzage 'ya'yan, ka yi amfani da dogon cokali ko lanƙwasasshiyar waya ka kankaro busasshiyar totuwar. Wadda ta maƙale a wuya, zuba tsakuwa cike da tafin hannu ɗaya a cikin goran ka girgiza sosai. Ba sai cikin ya yi sumul ba. Ɗan kaushin da ya rage shi 'ya'yan tsuntsu ke kamawa da farce su hau zuwa ƙofa.

Daga nan sai ƙananan huji. A gindi, inda ruwa zai taru in an rataye, ka huda biyar ko shida masu faɗin milimita 6. A saman wuya ka huda biyu ko uku don zafi ya fita, ka karkata su yadda bakinsu na waje zai kalli ƙasa, ruwa ba zai bi ba. Sai huji biyu masu fuskantar juna a wuya, kamar santimita 3 zuwa 5 daga sama, inda wayar ratayewa za ta ratsa. Kada a ɗaura igiya a mariƙi a ce an rataye. Zai karye da ƙwai a ciki. Masu kiwon matin sukan ƙara wani rami a gefe mai faɗin santimita 10, su sa masa murfi mai murɗawa, don duba sheƙa da shara. Ƙarin aiki ne, amma duk wanda ya taɓa ƙoƙarin fitar da tsohuwar sheƙa ta ƙofar jinjirin wata ya san darajarsa.

Kariya da fenti

Don goran ya daɗe, ana jiƙa shi minti 15 zuwa 20 a ruwan kwafa salfet, shuɗin garin nan da ake samu a shagon kayan gona, giram 450 cikin lita 19 na ruwa. Guba ne, a sa safar hannu, kada a zubar da ragowar a rafi ko kusa da rijiya. A bar goran ya bushe sarai na kwanaki. Wanda bai samu ba ya wuce, fenti mai kyau da ajiya mai kyau suna yin mafi yawan aikin.

Fenti a waje kawai, ciki ba a taɓa shi. Shafin farko na share fage, sannan shafi biyu na fentin waje. Ga goran da zai tsaya a rana, fari ne kawai, domin fari na mayar da zafi, gora mai duhu kuwa yakan yi zafin da zai kashe 'ya'ya a Yuni da Yuli. Wanda za a rataya a inuwar bishiya don ren ana iya barinsa da launinsa a shafa masa banish. Bayan fenti ka bi hujin gindi da ƙusa ka buɗe waɗanda suka toshe, ka bar warin ya fita kafin ratayewa.

Ratayewa

Matin tsuntsun jama'a ce, ba ta son zama ita kaɗai, don haka ka fara da goruna huɗu zuwa shida aƙalla a sanda ɗaya. Sandar ta kai tsayin mita 3.5 zuwa 6, a buɗaɗɗen fili, nesa da dogayen bishiyoyi da kamar mita 12 ko fiye, domin a bishiya shaho ke laɓewa. Amma tana son kusa da mutane: tsakanin mita 9 zuwa 36 daga gida. Ka yi sandar yadda za a iya sauke gorunan da igiya, irin yadda ake sauke tuta, kuma ka sa mata kwararon kwano a ƙasa don maciji da rakun, wata ƙaramar dabba mai iya hawa, su kasa hawa. A zuba ɗan busasshen ganyen bishiyar fayin ko ciyawa a gindin kowane gora, tsuntsun ya samu abin takawa.

Matin a Burazil take cin lokacin sanyi. Takan iso Fulorida a Janairu, jihohin arewa da Kanada kuwa sai Afrilu zuwa Mayu. Tsofaffin sukan koma inda suka yi sheƙa bara. Sabon wuri yawanci 'yan shekara ɗaya ne ke kama shi, su kuma sukan iso makonni huɗu ko fiye bayan tsofaffin. Ka toshe ƙofofin da tsumma har lokacin isowarsu ya yi, in ba haka ba gwara za ta riga su. Idan shekarar farko ba su zo ba, kada ka sauke sandar, wani wurin sai an yi shekaru. Ana yawan cewa matin na cinye sauro. Ba gaskiya ba ne: da rana take kiwo can sama, sauro kuwa yana ƙasa da dare. Manyan ƙwari masu tashi take ci, kuma kukanta da shawaginta a kan gida sun isa dalilin yi mata gora.

Idan sun zauna, ka sauke gorunan kowane kwana 5 zuwa 7 ka duba. Ba sa gudun sheƙa don an leƙa. Ƙwai na ƙyanƙyashewa cikin kwana 15 zuwa 16, 'ya'ya su tashi bayan kwana 26 zuwa 32. Dokar Amurka ta 1918 mai kare tsuntsaye masu ƙaura ta hana taɓa ƙwai ko sheƙar matin da ren da bulubad da nufin ɓarna, amma ba ta rufe sitalin da gwarar Turai ba, don haka sheƙarsu ana cire ta duk lokacin da aka gani.

Ren ba ta da wannan dogon sharaɗi. Gora ɗaya a reshe, tsayin mita 1.5 zuwa 3, kusa da shuke-shuke masu duhu, kuma ba ta damu da lilo ba. Sai dai ka nisanta gidanta daga na sauran, domin tana shiga sheƙar maƙwabta ta huda ƙwai. Bulubad ya fi son goran da aka ɗaure ba ya motsi, yana kallon fili.

A gida, masu shiga irin wannan gora su ne tsuntsayen da da ma a rami ko cikin jinka suke sheƙa, irin su gwara da baiwar Allah. Kurciya ba ta shiga, a buɗe take nata. Ka rataye a inuwa, ƙarƙashin indararo ko a reshen darbejiya, inda mage ba ta kaiwa kuma yara masu danƙo ba sa gani daga hanya, ƙofar kuma ta juya wa gabas baya, tunda daga can hadarin damina ke tasowa. Manomi ya nisanta shi daga rumbu da wurin shanyar hatsi. A riƙa leƙawa saboda rina da zanzaro, su ma suna son irin wannan ɗaki.

Idan 'ya'ya sun tashi, a Amurka wajen ƙarshen Agusta zuwa Satumba, ka sauke gorunan, ka zubar da tsohuwar sheƙa domin a cikinta ƙuma da ƙananan ƙwari ke kwana, ka ɗauraye cikin da ruwan bilic, su bushe. Inda fenti ya ɓare ka taɓa shi, ƙaramar tsaga ka cike ta da gam ɗin katako. Sannan ka ajiye su a busasshen wuri da ɓera ba ya kaiwa. Goran da aka bari a sanda yana shan ruwa da ƙanƙara shekara biyu ko uku yake yi, wanda ake saukewa kuwa yakan yi shekaru masu yawa. Lokacin da kake wannan ajiya, na bana sun kusa ƙosawa a lambu, sai a share katakan shanya.